Lambar da ta ƙi motsi tun 2005

Duk mai rubuta manhaja da harshen Java ya san fayil ɗin pom.xml. A cikinsa ake gaya wa Maven, na'urar harhaɗa manhaja ta Gidauniyar Apache, sunan aiki da laburaren da zai aro da yadda za a haɗa shi. Kusa da saman fayil ɗin akwai layin modelVersion, a gabansa an rubuta 4.0.0. Tun fitowar Maven 2 a watan Oktoba na 2005 lambar nan take zaune. Maven 3 ya zo a 2010, ya same ta, ya bar ta yadda take.

Lambar tana nuni ne ga sikima, wato kundin ƙa'idojin da ke fayyace alamomin da aka yarda su shiga fayil, da wadda za ta zauna cikin wadda. An rubuta shi da XML Schema, ma'aunin da ƙungiyar W3C ta amince da shi a 2001. Masu kula da Maven ba sa rubuta kundin da hannu. Suna siffanta tsarin a fayil guda, sai wata manhaja mai suna Modello ta fitar musu da sikima da kuma lambobin da ke karanta fayil ɗin. Dabara ce mai kyau, domin idan hannu biyu ke kula da ƙa'ida da mai karanta ta, ba a jimawa sai sun saɓa.

To me ya ɗaure lambar? Idan aka wallafa laburare a rumbun Maven Central, pom ɗinsa na tafiya tare da shi, kuma abin da ya shiga rumbun ba a gyara shi, ba a janye shi. Magana zarar bunu ce. Masu karanta waɗannan fayiloli kuwa sun wuce Maven: akwai Gradle, da Ivy, da sbt, ga tsofaffin kwamfutocin kamfanoni da ba a taɓa saitinsu ba shekara da shekaru. Ƙara alama ɗaya da tsohon mai karatu bai sani ba, sai aikin wani a wata nahiya ya tsaya cak, shi kuma bai san hawa ba bai san sauka ba.

Da ƙofar gaba ta rufu, sai jama'a suka koma ta baya. Sashen configuration, inda ake saita ƙananan manhajojin da ake jona wa Maven, sikima ta bar shi a buɗe, kowa ya zuba abin da yake so. Wanda ya rubuta dependecy a maimakon dependency, nan take Maven zai tsaya ya ce bai san alamar ba. Amma irin wannan tuntuɓen harafi a cikin configuration, an daɗe yana wucewa shiru, mutum na ganin ya kunna wani saiti alhali babu abin da ya kunnu. A ganina nan ne tsadar ƙa'idar da ta daskare take fitowa: duk sabon abu yakan taru a lungun da babu mai duba shi.

Mafitar da aka tsara wa Maven 4 ita ce raba fayil ɗin gida biyu. Wanda mai aiki ke rubutawa zai iya ɗaukar sabon tsari, 4.1.0, inda alal misali subprojects ta maye gurbin modules, kuma ba dole a riƙa maimaita lambar sigar uwar aiki a kowane reshe ba. Wanda za a tura rumbu kuwa, Maven ne zai fitar da shi da kansa, ya tace shi, ya mayar da shi tsarin da tsofaffin masu karatu suka saba da shi. Saboda haka wanda ya sauke laburare daga Maven Central ya buɗe pom ɗinsa, mafi yawa 4.0.0 zai ci gaba da gani, ko da da sabon tsari aka rubuta aikin.