Taimaka wa Majinyaci Ya Mutu: Shingayen Ƙasashen Yamma da Giɓin da Ke Gida

A watan Yunin 2025 Majalisar Wakilan Birtaniya ta amince da ƙudirin da zai bai wa baligin da likitoci suka ce saura masa wata shida a duniya damar neman maganin da zai ƙarasa shi. Inda muhawarar ta fi zafi shi ne kan sharuɗɗan kariya: wa zai tabbatar ba magada ne suka matsa masa ba, ko kunyar zama nauyi ga iyali?

Jihar Oregon ta Amurka, tun 1997, ta shardanta likitoci biyu, roƙo biyu da baki, da ɗaya a rubuce gaban shaidu, kuma majinyacin ne zai sha maganin da hannunsa. Holan, tun 2002, tana da kwamitocin yanki na lauya da likita da masanin ɗa'a, sai dai suna duba fayil ne bayan an yi jana'iza. Shingen ma yakan matsa: Beljiyam ta shigar da yara a 2014, Kanada kuma ta cire sharaɗin kusantar mutuwa a 2021.

A Arewacin Najeriya ƙofar a kulle take. Sashe na 228 na dokar Final Kod ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 10 ga wanda ya taimaka wa wani ya kashe kansa, shari'ar Musulunci da jihar Jigawa ta ƙaddamar a 2000 kuma ta ɗauki rai amanar Allah. Amma barin magani daban, kisa daban. Kotun Ƙoli, a shari'ar Dakta Okonkwo ta 2001, ta tabbatar wa baligi mai hankali 'yancin ƙin magani. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta cire na'urar numfashi idan ƙwararru suka tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu.

To a nan namu giɓin yake. Mai ciwon daji daga Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar a Jigawa yakan fara da Babban Asibitin Gumel, a tura shi Dutse ko Kano. In kuɗi suka ƙare, sai manyan gida su ce, "A mai da shi gida a yi ta addu'a." Sau da yawa ba a tambayi mara lafiyar ba, musamman mace, alhali Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a sanar da shi halin da yake ciki da zaɓin da yake da shi. Ya koma ƙauye babu mofin mai kashe raɗaɗi.

Sa-idon da muke buƙata ke nan: a rubuta bakin majinyaci kafin sallama, a kafa kwamitin ɗa'a mai likita da malami da lauya a kowane babban asibiti, a kuma kai maganin raɗaɗi har gida bisa kulawar ma'aikatan jinya.