Wa Ya Kwance Bijimin? Aikin Hutu Ga 'Yan Mata Masu Son Rubutu

Ranar Alhamis ce, kasuwar Maigatari ta cika ta batse. Wani bafatake ya ɗaure bijiminsa a kara, ya tafi sallar azahar. Da ya dawo sai ya tarar da turke da igiya, babu sa. Mutum uku ne a kusa: dillali, mai shayi da yaro mai ba dabbobi ruwa. Dillalin ya rantse shi bai taɓa ganin wani sa mai karyayyen ƙaho ba. To, wa ya gaya masa ƙahon a karye yake?

Idan kin tsaya a kan wannan tambaya, kin ɗanɗana labarin bincike ke nan, wato labarin da ake aikata laifi, mai karatu ya bi sawu har a gano mai shi. Mata sun daɗe da yin fice a fannin. Agatha Christie ta Ingila ita kaɗai ta rubuta irin waɗannan littattafai 66.

Duk da haka, a Amurka marubuta mata sun lura cewa jaridu ba sa yin sharhin littattafansu kamar na maza. A 1986 Sara Paretsky ta tara wasu daga cikinsu a birnin Baltimore, daga nan aka haifi ƙungiyar Sisters in Crime, wato 'yan'uwa mata a fagen labarun laifi. Sun shiga ƙirga sharhin jaridu don su kafa hujja. Yau ƙungiyar tana da rassa da yawa, kuma a hutun ƙarshen shekara rassan kan shirya zama, a ci abinci, a yi hirar littattafai, sabuwar marubuciya ta zauna kusa da wadda ta daɗe.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. A 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, sannan su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa suka biyo. A Kano akwai ƙungiyoyin marubuta mata irin su Kallabi da Mace Mutum. A 2016 BBC Hausa ta fara gasar Hikayata domin mata, Aisha Muhammad Sabitu ta lashe ta farko da labarinta Sansani. Sai dai akasarin littattafan sun fi karkata ga soyayya da zaman aure. Fagen bincike har yanzu akwai fili.

Ɗalibai nawa ne a Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar suka fara labari a bayan littafin lissafi, suka watsar don babu mai karantawa? Maganin abin shi ne abokan tafiya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A hutun bana ki nemi ƙawaye huɗu ko biyar, ku nemi izinin iyaye, ku riƙa haɗuwa a gidan ɗaya daga cikinku sau ɗaya a mako bayan Islamiyya. Kowa ta zo da shafi biyu.

Ku riƙe ƙa'idoji uku. Na farko, ki san mai laifin tun kafin ki fara rubutu. Na biyu, duk alamar da mai bincike ta gani, mai karatu ma ya gani. Kada a shafin ƙarshe a jawo baƙon da ba a taɓa ambata ba. Na uku, kada aljani ko mafarki ya warware matsalar, hankali ne zai warware ta.

Idan kina karanta musu, ki tsaya kafin ƙarshe ki tambaye su wa suke zargi. In duk sun canka, alamunki sun yi yawa. In babu wadda ta ko kusa, sun yi kaɗan. Banda dariya, banda gori. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Zamanku na farko kuwa ga aiki nan: anya dillalin ne ɓarawo, ko dai akwai wanda yake rufa wa asiri? Kowa ta rubuto nata ƙarshen.