Hawa Da Wuya, Amma Gangara Ce Ke Kisa

Ran nan mun tsaya a rumfar wani mai faci a hanyar Balan, muna jira ya liƙe mana taya. A jikin zanan rumfar akwai wata tsohuwar kalanda mai hoton hanya da ta nannaɗe dutse kamar maciji, ga mutane a kan keke suna hawa, ga ƙanƙara fara fat a bisansu. Wani yaro da ya kawo keken babansa ya ce, "Baba, wannan hoton gaskiya ne?" Mai faci ya ce, "Kai dai yaro, aikin Turawa ne."

Gaskiya ne, ya mai karatu. Hanyar tana nan, ana kuwa hawanta da keke kowace shekara. Mu da muke ƙasa shimfiɗaɗɗiya, tsakanin Gaya da Ajingi, muna da abin koya daga wurin masu hawan nan, domin keke shi ne dokinmu, shi ne jakinmu.

INA NE WANNAN WURI?

Sunan duwatsun Alps. Suna tsakiyar Turai, sun ratsa ƙasashe takwas, har da Faransa, da Italiya, da Suwizalan, da Ostiriya. Tsakanin kan dutse da kan dutse akwai mashigi inda aka sassaƙa hanya. Uku daga cikin hanyoyin nan sun yi suna ƙwarai wurin masu keke.

Ta fari ita ce Galibier a Faransa. Ƙololuwarta tana mita 2,642 bisa teku. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, wato Chappal Waddi na Jihar Taraba, mita 2,419 ne. Ashe mai keke a Galibier ya fi kowane mutumin da ke tsaye a ƙasarmu nisa da teku. Babban tseren keke na Faransa, wanda aka fara a 1903, ya soma bi ta nan a 1911.

Ta biyu ita ce Stelvio a arewacin Italiya, wadda aka gina tsakanin 1820 da 1825. Ta ɗara Galibier tsawo da kaɗan, ta gefen arewa kuma tana da kwana 48, kowace da lambarta. Ƙanƙara takan rufe ta fiye da rabin shekara.

Ta uku ita ce Alpe d'Huez, ita ma a Faransa, mai kwana 21. Tsawonta bai cika kilomita 14 ba, bai ma kai daga Wudil zuwa Gaya ba. Amma cikin kowace mita 100 da mutum ya yi gaba, ya hau sama mita 8. Kafin ya kai ƙarshe ya hau fiye da mita 1,000, wajen ninki biyu ke nan na tsayin da birnin Kano yake bisa teku.

YAYA SUKE HAWA?

Mun ɗauka da ƙarfin cinya kaɗai ake yi. Ba haka ba ne. Abu na fari shi ne giya, ta keke muke nufi, ba ta tulu ba. Keken da muka saba da shi, Raleigh ko Phoenix, giyarsa ɗaya ce: in ka juya feda sau ɗaya, tayar baya ta juya wajen sau biyu da rabi. Wannan ya yi daidai da kwalta shimfiɗaɗɗiya. A kan hawa kuwa mai keke yakan mai da sarƙa kan babban haƙori na baya, har juyin feda ɗaya ya zama kusan juyin taya ɗaya. Tafiyar ta ragu, amma ƙafa ba ta gajiya da wuri. Sai a 1937 aka yardar wa dukan 'yan tseren Faransa su yi aiki da abin sake giya. Kafin nan sai mutum ya sauka a gindin dutse, ya kwance tayar baya, ya juya ta, sa'an nan ya hau. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu na biyu shi ne abokan tafiya. Wanda ke gaba shi ne ke sha da iska, na bayansa yana samun sauƙi ƙwarai. Saboda haka sukan yi karɓa-karɓa. A kowace ƙungiya akwai waɗanda aikinsu ke nan: su tare wa ɗan'uwansu iska, su koma baya su ɗebo masa ruwa, in tayarsa ta fashe su ba shi tasu. Ba su ne ke karɓar kofi ba, amma ba mai karɓarsa sai da su.

'Yan Afirka ma sun shiga. Daniel Teklehaimanot na Iritiriya ya sa rigar gwanin hawa na 'yan kwanaki a tseren Faransa na 2015. Ɗan ƙasarsu Biniam Girmay ya ci zango uku a 2024. A Satumba 2025 kuma aka yi gasar keke ta duniya a Kigali, babban birnin Ruwanda, karo na fari a Afirka.

INDA HATSARIN YAKE

Wanda ya gaji a kan hawa, sauka zai yi ya tura. Kunya ce kawai. Amma wanda ya yi kuskure a gangara ba shi da wurin sauka. Gudun 'yan tsere a gangara yakan wuce kilomita 90 a awa, ga kwana, ga rami a gefe, ga sanyi yana sandarar da yatsun da za su kama birki. Ran 15 ga Yuni 2023 wani gwani ɗan Suwizalan, Gino Mäder, ya gama hawan Albula lafiya, ya faɗa rami a gangarar. Kashegari ya rasu, yana da shekara 26. Kekensa na 'yan tsere ne, da hular kwano a kansa, a ƙasarsu kuma yake.

To, in gwani mai birki biyu masu kyau zai halaka, ina ga namu?

Ku tashi ku duba keken da ke jingine a zaure. A gidaje da yawa birkin baya ya daɗe da mutuwa, na gaba kuwa robarsa ta cinye har ƙarfe. Yaranmu sun koyi sa silifa a taya su tsaya. Mukan ce ai ƙasarmu ba dutse. Gaskiya ne ba mu da duwatsun Riruwai na kudancin Kano, balle Hawan Kibo na Filato inda manyan motoci kan ƙwace. Hawanmu shi ne rairayi da iskar hunturu. Amma gangara muna da ita: bakin rafi, gefen kududdufi, da inda burji ya sauko daga kwalta. Muna kuma da abin da ya fi gangara, wato mota a hanyar Wudil ranar kasuwa.

Da kakar bara wani ɗan'uwa a ekklesiyarmu ya ɗora buhun gero a kariya, ya aza ɗiyarsa a gaba. Ya tura keken cikin rairayi da haƙuri har ya fita. Da ya iso gangaren rafi sai nauyin buhu ya tunkuɗa shi. Ya matsa birki, babu. Allah ya kiyaye rai, amma yarinyar ta karye a hannu, ta yi wata biyu ba makaranta. Kuɗin ɗori ya fi kuɗin robar birki sau da yawa. Da muka je gaishe shi, ya ce, "'Yan'uwa, na san birkin ya mutu tun damina. Kullum ina cewa sai ran kasuwa."

ABIN DA KOWANE GIDA ZAI YI

Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayu 2023, mutane da yawa sun jingine babur sun kakkaɓe tsohon keke. Ba abin kunya ba ne. Da keke masu bishara na fari suka zaga ƙauyuka da yawa na ƙasar Hausa, da Littafi Mai Tsarki ɗaure a kariya. Amma keken da ya daɗe a rumbu yana bukatar dubawa.

Maigida, kafin a hau, ka kama birki biyu ka tura keken. In taya ta juya, kada kowa ya hau. A gangara a fara kama birki tun kafin gudu ya yi yawa, a kama biyun tare, kada a fizgi na gaba shi kaɗai. In da kaya mai nauyi, a sauka a ja shi. Uwargida, kada ki yarda a goya yaro a keke marar birki, ko da sujada za a makara. Mai tafiyar dare ya sa fitila da farar riga. Dattawan ekklesiya kuma, ku tambayi mai bishararku lafiyar kekensa. Ba daidai ba ne mu aike shi ƙauye uku ran Lahadi a kan abin da ba za mu ɗora 'ya'yanmu ba.

Akwai kuma wani birki da mai faci ba ya gyarawa. Mun lura a lokacin wuya, da rani ko da ciwo, mutum yakan riƙe addu'a da zumunta. Sai kaka ta yi, kuɗi ya shigo, hanya ta yi daɗi, sa'an nan yakan saki hannu. Yau da dare, bayan tuwo, ku tara iyali ku karanta 1 Korintiyawa 10:12 da Mai Hadishi 4:9-10. Da safe kuma ku duba keken.