Shekara ɗari a jikin kwali, shekara nawa a bangon Akokan?

Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe mahaƙar Cominak da ke Akouta, wadda ta fara fitar da uranium a 1978. Ma'aikata sun watse, wasu Agadez, wasu Tahoua da Maradi. Abin da ya rage a gidaje da yawa na Arlit da Akokan shi ne hoto: uba sanye da hular kwano da fitila a goshi, abokan aiki a bakin rami, bikin sallama. Tsofaffin hotunan an wanke su ne da ruwan magani. Na baya-bayan nan kuwa daga waya suke fitowa, a kai shago a buga da ƙaramin inji mai fesa tawada. Waɗannan su ne abin damuwata, don mai shago zai nuna maka kwalin takarda ya ce, “Alhaji, ka ga an rubuta, shekara ɗari ba ya koɗewa.”

Babu wanda ya zauna shekara ɗari yana gadin hoto. Lissafi ne. Ana sa hoton a ƙarƙashin fitilu masu tsananin haske dare da rana, a auna lokacin da launinsa ya ragu zuwa wani mizani, sai a ƙiyasta shekarun da zai yi a ɗaki. To, wane ɗaki? Henry Wilhelm, wanda cibiyarsa da ke Grinnell a jihar Iowa ta Amurka ta yi suna a wannan gwaji, yana ɗaukar cewa hoto na shan haske mai ƙarfin lux 450 na awa 12 kullum, a zafin digiri 24. Kamfanin Kodak, da ya tallata takardarsa Ultima da alkawarin shekara 100 a 2004, lux 120 ya yi lissafi da shi. Ka ɗauki shekara 100 ɗin nan ka mayar kan ma'aunin Wilhelm, ba ta kai 30 ba. Takarda ɗaya, tawada ɗaya, ɗakin da aka zata ne kawai ya bambanta.

Yanzu ka kawo wannan lissafi Arlit. Ranar tsaka a fili tana kai lux 100,000, kuma ko ta taga ta shigo tana ninka abin da masu gwaji suka ƙaddara. A watan Mayu da Yuni zafi na wuce digiri 40, ƙarƙashin rufin kwano ya fi haka. Masana sinadarai suna da ƙiyasin cewa ƙarin digiri 10 kan kusan ninka saurin lalacewa, har a cikin duhun akwati. Abu ɗaya da hamada ta taimaka mana da shi shi ne bushewar iska, don laima na sa launi ya malale. Ba sai an zargi ƙurar uranium ba. Rana da zafi sun isa.

Iska ma na cin hoto. A shekarar 2000 masu injin Epson 870 da 1270 suka ga hotunansu sun koma ruwan lemo cikin makonni, alhali gwajin haske ya ba su shekaru. Iskar ozon ce ta cinye shuɗin tawadar. Gwajin bai yi ƙarya ba, abin da aka auna ne bai cika ba.

Tawada iri biyu ce. Ta rini tana narkewa kamar sukari a shayi, tana da sheƙi da araha, amma haske na saurin karya ta. Ta ƙwayoyin launi ba ta narkewa, ƙananan ƙwayoyi ne ke zama a kan takarda, kuma ta fi juriya nesa ba kusa ba. Sannan alƙaluman jikin kwali na tawadar kamfani ne a kan takardar kamfani. Mai shagon da ke cika tankin injinsa daga kwalbar da ba ta da suna ba mayaudari ba ne, tsada ce da nisan hanya suka sa shi, sai dai shekara ɗarin nan ba ta shafi hoton da ya miƙo maka ba. Shi kansa bai san adadin ba.

A ganina amfanin irin wannan gwaji shi ne kwatanta tawada da tawada a ma'auni ɗaya. Mai son sanin gaskiyar shagon unguwarsu ya buga hoto biyu, ya rufe rabin ɗaya da kwali ya jingina a taga, ɗayan ya sa a littafi. Bayan wata biyu na bazara ya buɗe. Don kare hotunan gida kuwa, hoton bango ya shiga gilashi, a bangon da rana ba ta dukansa, na ajiya ya zauna a alabum a ɗakin da ya fi sanyi. Ainihin hoton da ke waya kuma a tura wa ɗan'uwa a Agadez ko Yamai, don in na bango ya koɗe a sake bugawa.