Kukan Fankar Kwamfuta

A shagona na Cadawa, bakin titin Maraɗi zuwa Damagaram, kafin kwamfuta ta mutu fankarta ce ke fara kuka. Ƙurar hunturu ta daskare a fukafukanta, man gindinta ya bushe, sai ka ji tana gurnani kamar injin niƙa. A watan Afrilu kuwa, zafi ya haura digiri 40, na'urar ta kashe kanta don kada ƙwaƙwalwarta ta ƙone.

Ɗigon man keken ɗinki kan lallaɓa fankar na 'yan makonni kawai. Gara a canza. Ta kwamfutar tebur volt 12 take ci, ta hannu galibi 5. Nakan tafi da tsohuwar fankar zuwa Maraɗi, a gwada girma, a ƙirga wayoyi, uku ne ko huɗu.