Dafaffen Ƙwai da Ruwan Kogi

Da zarar damina ta kankama a ƙasar Yauri, zabi suka fara zuba ƙwai a cikin ciyawa, da wuya ka ratsa tashar motar Yelwa ko ka sauka bakin ruwa a Wara ranar kasuwa ba tare da wata yarinya ta tare ka da faranti ba. Dafaffen ƙwan zabi ne a jere, ga ƙullin yaji a gefe. Matafiyi ya sayi uku ko huɗu, ya ƙwanƙwasa a gefen jirgi, ya ɓare, ya dangwali yaji, ya kora da ruwa. Ba ya tambayar komai, domin a tunaninmu abin da ya shiga tafasasshen ruwa, kuma yana nan lulluɓe cikin ɓawonsa, ya fi ƙarfin cuta. Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru.

Wuta tana yin nata aikin, ba a musun wannan. Ƙwayar cutar salmonela, wadda ke zama a cikin hanjin kaji da agwagi kuma takan shiga cikin ƙwai tun kafin a saka shi, ba ta jure zafin da ya wuce digiri 70 a ma'aunin Salshiyas. Haka ma ƙwayar murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Najeriya a watan Fabrairun 2006 a wata gonar kaji kusa da Jaji a jihar Kaduna. Idan farin ƙwai da gwaiduwa suka daskare sarai, waɗannan sun mutu. Inda matsalar take shi ne abin da muke yi bayan an sauke tukunya.

Ɓawon ƙwai, duk da santsinsa, cike yake da ƙananan ƙofofi dubbai waɗanda ido ba ya gani. Ta nan ɗan tsako ke shaƙar iska cikin kwana 21 da uwarsa ke kwance a kansa. A lokacin da kaza ke saka ƙwai, tana shafe shi da wani ɗan siririn ruwa wanda ke bushewa nan take ya toshe ƙofofin nan. Shi ya sa ɗanyen ƙwai kan yi makonni a cikin ƙwarya a lungun ɗaki bai lalace ba. Tafasa tana wanke wannan rufi gaba ɗaya. Dafaffen ƙwai ƙofofinsa a buɗe suke, kuma abin da ke cikinsa ya zama abinci mai daɗi ga duk ƙwayar cutar da ta samu shiga.

To, ku dubi yadda muke yi a gidajenmu. Ƙwai ya dahu, uwargida ta tsiyaye ruwan zafi, ta ɗebo na sanyi daga randa ko jarka ta zuba a kai don ya huce da wuri ya kuma yi sauƙin ɓarewa. Ƙwai mai zafi idan ya haɗu da ruwan sanyi, iskar da ke cikinsa takan tsuke, sai ya zuƙo ruwan waje ta waɗannan ƙofofi. Wannan ba hasashe ba ne. A wani rahoton likitoci da aka buga a Amurka a 1984, yara kimanin 300 daga cikin 850 da suka halarci wani bikin Ista sun kamu da amai da gudawa bayan sun ci dafaffen ƙwai wanda ɓawonsa ko tsagewa bai yi ba. Da aka bi sawu, sai aka gano ƙwayar cutar a jikin mai dafuwar take, kuma ya dafa ƙwan kwana uku zuwa biyar kafin bikin, ya bar shi ba a firij ba. Masu binciken suka gwada da kansu, suka ga ƙwai mai zafi yana iya zuƙar ruwa har mililita 2 ta cikin lafiyayyen ɓawo.

Can ke nan inda ruwan famfo yake da tsabta. Mu kuwa da ke zaune a gaɓar Kwara, wane ruwa muke zubawa? Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsofaffin gungu, aka tayar da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai, har yau tungayen Sarkawa da ƙauyukan Gungawa da yawa a Ngaski da Shanga da Yauri daga kogin suke ɗiban ruwan aikin gida. A ruwan nan ake wanki da wanka, a nan ake shayar da shanu, a nan ake gyaran kifi, kuma da damina duk abin da aka yar a bayan gari nan yake gangarowa. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da amai da gudawa ya kama mutane fiye da 100,000 a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihar Kebbi tana cikin waɗanda abin ya shafa. Mace ta ƙona itacenta ta dafa ƙwai lafiya lau, sannan cikin minti biyu ta mayar masa da abin da wuta ta kore.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Idan za a sanyaya ƙwai a ruwa, ya zama ruwan da za ki iya ba jaririnki ba tare da fargaba ba: wanda aka tafasa ya huce, ko na burtsatse da aka ɗebo cikin tsabtataccen mazubi. In babu, a kwashe ƙwan da cokali a jera a faranti mai tsabta, a rufe, iska ta sanyaya shi. Zai ɗan fi wuyar ɓarewa, shi ke nan. Kuma wanda yake da maruru ko wani rauni mai ruwa a hannu kada ya taɓa dafaffen ƙwai, domin irin ƙwayar cutar da ta kwantar da yaran can a fatar mutum da cikin hancinsa take zama.

Wannan ƙwayar tana da wani mugun hali da ya kamata masu sana'a su sani. Idan ta hayayyafa a cikin abinci takan bar dafi, kuma dafin ba ya mutuwa da wuta. Saboda haka dabarar da wasu ke yi ta mayar da kwantan jiya cikin ruwan zafi da safe, don mai saye ya ji ɗumi a tafin hannu ya ɗauka sabo ne, ba ta gyara komai. Na taɓa tambayar wata dattijuwa mai aza wa jikokinta talla yadda take yi da abin da ya yi kwantai. Ta ce, “Ɗan nan, ai ƙwai ba tuwo ba ne, ba ya rami.” Na ce, “Inna, tuwo ma ya fi shi gaskiya, shi in ya lalace yana nunawa.” Ta yi dariya, amma ba wasa nake yi ba. Ƙwai yana iya kasancewa ɗauke da dafin nan ba wari, ba yauƙi, ba canjin launi.

Hukumomin lafiyar abinci na Amurka suna cewa kada dafaffen ƙwai ya wuce awa biyu a waje, in kuma zafi ya haura digiri 32, awa ɗaya. A firij kuwa yana iya kai mako guda. Na san mai karatu a Yelwa zai yi murmushi. A watan Maris da Afrilu zafinmu yakan kai digiri 40, kuma ko da yake daga ruwan da ke ƙofar gidanmu ake samar da wutar da ake kai wa manyan birane, firij a nan ba abin dogaro ba ne. Ba zan ce wa mai talla ta zubar da jarinta bayan awa ɗaya ba. Abin da zai yiwu shi ne a dafa kaɗan-kaɗan, na safe daban na yamma daban, a ajiye faranti a inuwa, wanda ya tsage a tukunya a cinye shi nan take a gida, kuma kada ko ɗaya ya kwana. A gida ma haka: a dafa iya wanda za a ci a wannan zaman.

Ita dafuwar kanta ba wuya. A jera ƙwai a tukunya, a zuba ruwa ya sha kansa, a aza. Ba daga lokacin da aka aza ake ƙirga ba, sai ruwa ya tafasa yana ɓulɓula, sannan a duba agogon waya a ba shi minti 10, na kaza ne ko na zabi. Mai girki da itace ta lura kada wuta ta lafa a tsakani. Ƙwan agwagwa a ba shi minti 12 zuwa 15, domin ya fi girma, kuma agwagwa a cikin taɓo da ƙazantar bakin ruwa take yini, ƙwanta ya fi saurin ɗaukar cuta. A fasa ɗaya a duba. In tsakiyar gwaiduwa tana da ruwa-ruwa, a mayar. Wani lokaci za a ga kore-kore ya kewaye gwaiduwa. Wannan ba cuta ba ce, alamar ya daɗe a wuta ce kawai, a ci.

Ƙwan zabi yana da tasa magana. Ɓawonsa ya fi na kaza kauri da ƙarfi, shi ya sa yara ke nemansa don wasan fashe, kuma ya fi jure ajiya. Amma zabuwa ba ta saka ƙwai a akurki. Cikin ciyawa take ɓoyewa, sau da yawa zabi da dama a gurbi ɗaya, kuma wanda ya tsinci gurbin bai san wanne ne na jiya wanne ne na mako biyu da suka wuce ba, ga ruwan sama ya yi ta dukansu. Gwajin da iyayenmu mata suka sani yana nan daram: a saka a kwanon ruwa, sabo yakan nutse ya kwanta, wanda ya kwana biyu yakan tsaya da kai sama, wanda ya taso ya yi iyo a bar shi, wataƙila baragurbi ne. Sai dai gwajin nan a yi shi dab da dafawa. Wanda aka jiƙa ko aka wanke, an cire masa rufinsa, bai kamata a mayar da shi ajiya ba. In akwai kashin kaji a jiki, a goge da busasshen tsumma. Fasasshen da yaro ya ciwo a wasan fashe kuwa, kada ya yini a aljihu.

Samari masu fasa ɗanyen ƙwai cikin madara suna shanyewa don neman ƙarfi, ku ma ku ji. Wani bincike da aka buga a 1998 daga Beljiyam ya nuna jiki yana amfana da kusan kashi 91 cikin 100 na sinadarin gina jiki da ke cikin dafaffen ƙwai, amma kusan kashi 51 kawai na ɗanye. Kana asarar rabin kuɗinka, kana kuma buɗe wa salmonela ƙofa.

Kada wani ya karanta wannan ya ce to a daina ba yara ƙwai. Dama can muna fama da camfin cewa yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama, mai ciki kuma kada ta ci, alhali su ne suka fi kowa buƙatarsa. Daga wata shida, idan an fara haɗa wa jariri abinci da nono, ana iya murje masa dafaffen ƙwai a kunu ko fate, a fara da kaɗan, a lura ko jikinsa zai yi ƙuraje ko kumburi. Kwatankwacin giram 6 na sinadarin gina jiki ke cikin babban ƙwai ɗaya. A lokacin da kifi ya yi ƙaranci ko ya yi tsada, uwar da ke da kaji biyar a tsakar gida tana da abin da za ta cike gurbin, maimakon ta kai duka kasuwa ta sayo biskit. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Amma su waɗannan ɗin, ƙananan yara da masu ciki da tsofaffi, su ne kuma gurɓataccen ƙwai ya fi kayarwa, don haka nasu ya zama wanda aka sauke yanzu kuma ya dahu sarai.

Idan aka yi rashin sa'a, alamun sun bambanta. Dafin da na ambata yakan tashi da sauri, daga rabin awa zuwa awa takwas bayan ci, da amai mai tsanani. Salmonela takan ɗauki awa shida har zuwa kwana shida, da gudawa da zazzaɓi da murɗar ciki. A kowane hali abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki. A fara ba da ruwan gishiri da sukari nan da nan: ƙullin da ake samu a kemis, ko kuma ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. In yaro ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko aka ga jini a bayan gida, a kama hanyar asibiti. Waɗanda ke tsallaken ruwa su tashi tun da sauran rana, kada a jira magariba ta yi sannan a fara neman mai jirgi.