Kanabi: Inda Leburorin Gonakin Jazira Suke Kwana

A Sudan, kudu da Khartum, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, akwai gonakin noman rani na Jazira, waɗanda suke cikin mafi girma a duniya. Turawan Ingila ne suka buɗe su bayan kammala madatsar ruwan Sennar a 1925, don a riƙa kai auduga masaƙun Lancashire da ke Ingila. Da aka haɗa da yankin Manakil, faɗinsu ya kai wajen eka miliyan 2.

An raba filayen ga mutanen yankin, kowa da tasa gonar da ake kira hawasha. Sai dai auduga tana cin hannu, mai hawasha da iyalinsa ba sa iya gama shema da tsinka su kaɗai. Dole aka nemi 'yan ƙodago daga Darfur da Kordofan da Chadi, da kuma mutanenmu, Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda Sudaniyawa ke haɗawa su kira Fallata. Da yawansu alhazai ne masu tafiyar ƙasa, sun tsaya neman guzurin Makka, zama ya kama su. Wasu kuma jikokin waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno.

Da tsarin ya raba gona da ruwa, bai tanadi wurin zaman lebura ba, don an ɗauka ɗan ci-rani ne, da an gama kaka zai kama hanya. Sai suka kafa bukkoki a bakin magudanan ruwa da gefen gonaki. Irin wannan zango shi ne kambo, jam'insa kanabi. Ga shi an haifi kaka da jika a ciki, amma mafi yawansu ba su da takardar fili. Wanda ba shi da takarda kuwa ba ya zuba kuɗinsa ya yi ginin bulo, tunda ana iya tashinsa gobe. Hukuma ma ba ta cika kai famfo ko makaranta ko asibiti wurin da ba ta lissafa shi ƙauye ba. Ruwan magudana ake sha, shi ake wanka da shi, ga tsargiya ga zazzaɓin cizon sauro.

Ana yawan cewa baƙi sun ƙwace wa 'yan gida aiki. A Jazira dai ba haka abin ya tafi ba. 'Ya'yan masu hawasha da dama sun yi karatu, sun tafi birni ko ƙasashen Larabawa, mutanen kanabi suka riƙe noman, sau da yawa bisa yarjejeniyar raba amfani. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai: mutum ya riƙe gonar wani shekara da shekaru, a hana shi ɗan filin da zai kafa ɗaki.

Yaƙin da ya ɓarke a 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya ƙara tsananta halinsu. A Janairun 2025, lokacin da sojoji ke ƙwato birnin Wad Madani na yankin Jazira daga dakarun RSF, an zargi mazauna kanabi da mara wa RSF baya. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce mayaƙan da ke tare da sojoji sun kashe aƙalla mutum 26 a Kambo Tayba, suka kwashe dukiya, suka cinna wa gidaje wuta.